Taubashin Delege

Ni dai ba na son wasan taubasai, kuma ba na ɓoyewa. Duk wanda ya zo yana yaba mini shi, wai al'ada ce mai ƙara zumunci, tambaya ɗaya nake yi masa: kai ɗan mace ne ko ɗan namiji? In ya ce ɗan namiji, sai in ce ya tashi ya ba ni wuri, bai san komai ba. Ɗan kawunka, wato ɗan wan mahaifiyarka, shi ne ubangida don ta wajen namiji ya fito, kai kuwa da ka fito ta wajen mace kai ne bawa. Ya zage ka, ya ƙwace maka hula, ya tona maka asiri a gaban mutane, duk ya halatta. Kai doka ɗaya ce a wuyanka, ba a fushi. Dariya za ka yi ko da cikinka na tafasa.

Shekarar da na gama firamare a Jiratawa aka ba ni gurbi a wata kwalej a Maraɗi. Lokacin ƙasa na cikin juyi. An gama babban taron nan na Yamai, jam'iyyu sun ɓarke ko'ina, kowace rumfa da tutarta, har mai shayin tasha ba ya zuba maka madara sai ya yi maka bayanin dimokuraɗiyya. Mahaifina bai damu da ko ɗaya ba. Manomi ne a gonakin ban-ruwa, kuma a ganinsa lakwal, wato makarantar boko, wuri ne da ake kai yaro mai ƙarfi a dawo da shi rago. Ranar da zan tafi ya zaunar da ni ya ce, "Ga gidan kawunka nan Sabon Gari, ya yarda ya riƙe ka. In ka zauna lahiya ka yi karatunka. Ran da aka koro ka, ko ka dawo mini da ƙara, ga hauya nan tana jiranka, kuma ba ni sake magana." Ba mu da wani gida a Maraɗi sai wannan. In na rasa tabarmata a gidan kawu, na rasa lakwal, ni kuwa ina son lakwal kamar raina.

Kawu mutumin kirki ne, ɗan kasuwar yadi, ƙafa ɗaya a Maraɗi ɗaya a Jibiya, ga shi kuma siyasa ta shige masa kai a shekarar. Ɗansa ne fitinar. Taubashina yana ajin ƙarshe, wanda muke kira turwaziyem, ni ina sizyem, ajin 'yan shiga. Shekararsa ta uku ke nan a ajin, amma a yi masa adalci, sau ɗaya ne ya faɗi. Ɗayar farar shekara ce, wato yajin karatu ya cinye ta har aka soke ta, kowa ya maimaita. Gemu ya fara fito masa, ga murya irin ta mai shela. Shi ne delege, wakilin ɗalibai, kuma yana da usur da ya rataya a wuya da igiyar takalmi. In ya busa shi sau uku, kwalej ɗin nan kaf sai ta zube waje, mushe, wato malami, na tsakiyar rubutu a allo ya juyo ya tarar da bencina kawai. Dirakta ma shi ke fara gaishe shi.

Ranar farko, da aka fita hutun ƙarfe goma, ya kama ni ta wuyan riga ya ɗora ni kan wani kututture a inuwar bishiyar dogon yaro, ya tara 'yan ajinsu. Ya ce, "Kamarad! Ga bawana an kawo mini daga Jiratawa, da sauran zogale a haƙoransa. In da zamanin mulkin mutum guda ne, da na riƙe shi ni kaɗai. Amma yanzu dimokuraɗiyya ake. Wa ya yarda taubashin delege ya zama taubashin kowa?" Hannuwa suka tashi. Ni ban gane abin da ake zaɓa ba, na ga kowa ya ɗaga, sai ni ma na ɗaga nawa. Aka ɗau tafi, aka ce ba a taɓa ganin zaɓe mai tsabta irin wannan ba, tunda har wanda abin ya shafa ya amince.

Daga ranar aka raba ni kamar naman watanda. Wannan ya aike ni ɗibar ruwa, wancan ya ba ni littafinsa in kwafe masa darasi, wani ya cinye mini ƙosai ya miƙo mini takardar in yar. Da safe akwai abin da suke kira gaisuwa: in bi su ɗaya bayan ɗaya in miƙa kai, kowa ya sauke mini ranƙwashi. Su goma sha wani abu ne, kuma akwai wani mai zobe a cikinsu, Allah ya isa tsakanina da zoben nan. Kowane ranƙwashi sai na yi dariya, don in na ɓata fuska taubashina zai ce, "A'a, bawa na hushi da wasa? Bari mu koma gida in hwaɗa wa Baba." Da na ji an ambaci Baba sai in ga hauya a idona, haƙorana su fito da kansu.

Sauran 'yan sizyem ma suna shan tasu, ban ce ni kaɗai ba ne. Ana sa su tsallen kwaɗo, ana sa su cara irin ta zakara a bakin aji. Biyu daga cikin 'yan ƙauyen ajinmu kafin watan azumi sun naɗe tabarma sun koma gida. Amma su wanda ya dake su baƙo ne, suna iya kiran wa ko uba. Ni wanda ke dukana kwano ɗaya muke ci da shi.

Wata Alhamis suka ce gashina ya yi yawa, ba a san ta inda za a bi a shiga kaina ba. Mutum biyu suka riƙe ni, taubashina ya fito da reza ya share mini layi ɗaya tun daga goshi har ƙeya, ya ce wannan ita ce hanyar Jiratawa. Rezar tsohuwa ce, hannunsa kuma ba na wanzami ba, ya yanke ni wuri uku. Jini na gangaro mini bayan kunne ina dariya. Da muka koma gida matar kawu ta gan ni ta riƙe ciki, ta ce, "Kai, taubasai! Ku dai ba ku da dama." Kawu ya leƙo ya ce su ma haka suka yi da nasu, har rijiya an taɓa zura shi. Aka ba ni toka in shafa.

To, ba za a ce hukumar kwalej ba ta yi komai ba. Muna da sirbeyan, mai kula da tarbiyya, wani Bazabarme dogo siriri mai Hausa da gargada. Yana da dorina, amma ta yi ritaya a cikin durowa tun ranar da ya tsula wa wani ɗalibi ita aka yi yajin sati guda a kanta. Da ya ga yara na guduwa sai ya fito da dabara irin ta zamani. Ya samo kwalin sabulu, ya liƙe shi, ya huda masa baki, ya ajiye a bakin ofis. Ya bi aji aji yana cewa duk wanda ake zalunta ya rubuta ya jefa, ba suna, ba sa hannu, asiri a rufe kamar ranar zaɓe.

Kwana uku na yi ina shirya takardata. Na san taubashina ya san rubutuna, tunda ni ke kwafe masa darasi, saboda haka da hannun hagu na rubuta, harafi ɗaya ɗaya, ina gumi. Na ji kaina wani babban mai wayo. Ga yadda na fara, da Faransancina na sizyem: "Ni wani ɗalibi ne da ba a sani ba. Ɗan kawuna delege ya aske mini kai."

Abin da sirbeyan bai faɗa mana ba shi ne, a zamanin nan ba a buɗe akwati sai da wakilin kowane ɓangare. Kwamitin buɗewa mutum uku ne: shi, da wani mushe, da delege. Aka zazzage kwalin. An ce an samu zagin malamin lissafi kala kala, da wasiƙar soyayya guda, da ɓawon gyaɗa, sai takardata.

Aka aiko kirana. Na shiga ofis na tarar da taubashina zaune kan kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Sirbeyan ya sa na cire hula, ya dubi hanyar Jiratawa, fuskarsa ta ɓaci ƙwarai. Na ce a raina yau Allah ya kawo ranar. Ya dubi usur ɗin da ke wuyan delege, ya dubi durowar dorina, ya sake duban usur. Sannan ya tambaye ni, "Uban wannan, mi yake gare ka?"

Na ce, "Wan innata ne, Mushe."

Wallahi sai na ga mutumin nan ya saki numfashi ya jingina da kujera. Ya ce, "A'a! To ai taubasai ne!" Ya juya wajen taubashina, wanda asalin gidansu Gobirawan Tibiri ne, ya ce, "Kai kuma Bagobiri, bawana, yaushe bawa ya samu bawa?" Don Zabarmawa da Gobirawa su ma abokan wasan juna ne. Taubashina ya ce, "Mushe, tun yaushe Bazabarme ya isa ya yi wa ubangidansa shari'a?" Suka fashe da dariya, suka tafa. Mushen da ke gefe ma ya taya su. Ni ina tsaye da hula a hannu. Sirbeyan ya share hawaye ya dube ni ya ce, "Kai ba ka dariya?" Na yi.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji haushinsa ran nan ba. Sai da na girma na gane tsoron usur ne ya kama shi, al'ada kuma ta buɗe masa ƙofa ya fice da gudu.

Bayan wannan sai abin ya ƙara lalacewa. Na tashi daga bawa na koma ɗan leƙen asirin hukuma, maƙiyin gwagwarmaya. Gaisuwar safe ta zama safe da rana. Ana cikin haka su mushe suka shiga nasu yajin, aka rufe kwalej, na hau mota na koma Jiratawa. Bayan kwana goma aka janye yajin. Na ji a rediyon maƙwabta da kunnena, na yi kamar ban ji ba. Mahaifina ya tambaya, na ce ai wannan karon abin babba ne, ba ranar komawa. Ya ce madalla, ya miƙo mini hauya. Ina bin kwalbatin ruwa ina gyara kunya, zuciyata na ajinmu, amma da na tuna zoben nan sai in ƙara duƙawa. Mahaifiyata ta san akwai magana, na ga haka a idonta. Amma ni ɗan farinta ne, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsaya mini a kan ɗan wanta.

Sati biyu ina haka sai kakata ta zo suna daga Tibiri. Ita ce ta haifi mahaifiyata, ita ce kuma ta haifi kawu, wato ni da taubashina duk jikokinta ne. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai zanen Gobir a kumatu, bakinta kullum da goro, kuma a Tibiri ba wanda ke son ya shiga bakin nan. Kowa ya san kaka da jika abokan wasa ne, duk jikanta namiji mijinta ne. Tana ganina ta ce, "A'a, maigida, mi kake yi nan? Ɗiyan fasto maƙwabcina kullum da sahe sai sun wuce ni kan keke za su lakwal Maraɗi. Taka lakwal ɗin daban ce?" Na fara kame-kame. Ta miƙa hannu ta fige mini hula. Gashi ya fara tsirowa, amma tabon reza uku na nan a jere.

Ta ce, "Wa ya yi maka wanga aski?"

Na washe baki na ce, "Wasa ne, kaka. Ni da taubashina ne."

Ta ce, "Rufe. Ban tambayi haƙoranka ba."

Ban san sanda kuka ya ƙwace mini ba. Wata huɗu ina dariya, ran nan na biya bashin kuka gaba ɗaya a bayan rumbu, ita kuma tana tsaye tana tauna goro har na gama ba ta labari. Ba ta rarrashe ni ba. Ta je ta sami mahaifina ta ce gobe za ta ari mijinta ya raka ta Maraɗi, kuma ta ji an buɗe lakwal. Suruka ce, dole ya yarda.

Da safe muka hau mota, tana rungume da wata jar kaza da aka ba ta a gidan suna. Na zaci gidan kawu za mu. Muna sauka ta ce in nuna mata hanyar lakwal. Na ce, "Kaka, don Allah." Ta ce in wuce gaba.

Mun iso ana tsakiyar taro. Su mushe sun dawo aiki, to yanzu kuma ɗalibai ne za su fita nasu yajin, kwalej duk ta hallara a fili. Taubashina na tsaye kan tebur, hannu a sama, yana zuba Faransanci, ana amsa masa. Dirakta da sirbeyan na leƙe daga baranda. Sai ga wata murya siririya ta ratsa taron: "Ku ba ni hanya in ga mijina!"

Aka dare mata. Ta isa gaban tebur da kazarta, ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce, "Lalle! Ashe nan kake. Ka bar ni Tibiri ba zane ba sabulu, ka zo nan ka hau tebur kamar akuya. Sauko, angona, kada ka hwaɗi."

Faransanci ya tsaya masa a maƙogwaro. Ya ce, "Kaka, muna taro ne."

Ta ce, "Ai taron na zo. An ce yanzu kowa na da bakin magana." Ta juya ta fuskanci jama'a. "Ɗiyana, wanga shi ne shugabanku? Kun yi dace. Ni na yi renonsa. Tabarmata uku ya kashe da hitsarin kwance, yana da shekara goma ina shanya ta huɗu. Ran da tunkiyar maƙwabta ta biyo shi, cikin zanena ya shige, sai da aka kira ubansa ya jawo shi ta ƙahwa."

Wani ɗan sizyem can baya ya tuntsire da dariya, shi ke nan kuwa aka ɓarke. Har 'yan mata da ke gefe suna faɗawa kan juna. Taubashina ya sauko, fuska ta yi masa nauyi. Da wani ne ya faɗi rabin wannan da an kwashe shi a ƙasa. Amma kakarsa ce, matarsa ce ta wasa, kuma duk wanda ke filin nan ya san doka. Ta miƙa masa kazar ta ce ya riƙe mata, ya riƙe. Ta ce ya duƙo, ya duƙo. Ta cire usur ɗin daga wuyansa ta rataya a nata, sannan ta dunƙule 'yan yatsunta ta sauke masa ranƙwashi guda, mai kyau, wanda aka ji ƙararsa.

Ta ce, "Yi dariya mana. Ai wasa ne."

Ya yi wani abu da bakinsa.

Sai ta jawo ni gabanta ta cire mini hula ta juya kaina ga jama'a. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na yi wasa da taubasaina tun kahin a haihi uwayenku. Mun yi zagi, mun yi ƙwace, mun yi turi cikin tabki. Ban taɓa ganin an hid da jini ba, ban kuma taɓa ganin mutum goma sun taru kan yaro guda an ce wasa ake ba." Ta hango sirbeyan a baranda ta tambayi ko wane ne, aka gaya mata. Ta ce, "Bazabarme? To bawana ne. Kai dogo! An ba ka amanar ɗiyan mutane, ka zauna kana gadin kwalin sabulu?" Shi ma dole ya yi dariya, ya sunkuyar da kai. Daga nan ta sa usur a baki ta busa sau uku, ta ce kowa ya koma aji. Abin mamaki, aka koma.

Na yi zaton na tsira. Muka raka ta gidan kawu, ta sha fura, ta bar musu kazar, ta yi azahar, ta ce awakinta na jiranta a Tibiri, ta tafi da usur a wuya. Kawu na kasuwa, ba su haɗu ba. Amma labari ya riga shi isowa gida. Kafin la'asar 'yan layin yadi duk sun ji, 'yan ɗaya jam'iyyar har suna zuwa rumfarsa suna tambayar ko yana sayar da tabarma. Ya shigo yana huci. Uwarsa ce, ba shi da bakin yi mata faɗa, ɗansa kuma shi aka tozarta. Saura ni. Ya ce, "Na riƙe ka kamar ɗana, ka je ka ɗauko tsohuwa ta zo ta kwance mana zane a kasuwa? Ran Asabar ka haɗa kayanka ka koma wa ubanka." Ranar Talata ce. Wato kakata ta zo ta ci yaƙi ta tafi, ni kuma ta bar ni da kwana huɗu a lakwal.

Gaskiya zan faɗa, kwana biyun farko na more su. Ba wanda ya sake taɓa ni. 'Yan sizyem suka haɗa waƙa, mijin tsohuwa mai tabarma uku, kuma ni na ƙara baitin tunkiya, ban musa ba. Kamarad ɗinsa suka yi zaɓe suka tuɓe shi, mai zoben nan ya zama delege. In taubashina ya ratso fili sai a ɗauki waƙa, ni a gaba. Na ce tunda dai korata za a yi, bari in tafi da ƙoshi.

Ran Juma'a da safe 'yan ajinsu suka zuba ruwa a bencinsa bai gani ba, ya zauna. Da ya miƙe wandonsa ya jiƙe ta baya. Suka rako shi waje da ihu, wai a kawo tabarma ta biyar. Ina bakin ajinmu na hango shi yana ratsa fili, ƙaton mutum da gemu, ya kare bayansa da littafi, mutum wajen ashirin na bin sa, mai zobe na kai masa ranƙwashi ta baya. Yana dariya. Haƙora duk a waje, idanu na neman inda za su ɓuya. Na san dariyar nan, na san yadda take ciwo a muƙamuƙi. Waƙar ta mutu a bakina, raina ya ɓaci, kuma har yau ban san ko tausayi ne ko kishi ba.

Sai na ji ni a tsakiyarsu ina ihu da 'yar muryata. "Kai! Ku dakata! Wa ya ba ku? Wanga taubashina ne! Ni kaɗai ke da ikon ce masa mai hitsarin kwance. Ku mi kuka haɗa da shi? Uwar wa a cikinku ta hito ɗaki ɗaya da ubansa?"

Suka tsaya, don maganar tana da ƙafa. Wani ya ce ai an yi zaɓe tun farkon shekara, an ce taubasantakar ta kowa ce. Na ce ba a zaɓen taubashi, haihuwarsa ake. Musu ya kaure, wasu na cewa yaron nan ya yi gaskiya, wasu na cewa ƙuri'a ta fi. Mai zobe da ya ga shari'a na neman kuɓuce masa sai ya yanke ta da mari, na ga wuta. Kafin ya ƙara sai muka ji wani irin tsawa daga baranda. Sirbeyan ne, da dorina a hannu, ta fito daga ritaya. Ban sani ba ko maganar tsohuwa ce ta hana shi barci, ko don sabon delege bai samu usur ba tukuna. Ya sa mai zobe ya durƙusa a rana, ya kuma shelanta doka: daga yau duk wanda ya taɓa wani ya ce taubashinsa ne, sai ya kawo uwar wannan da uban wancan ofis a gan su da ido, in ma sun tabbata, wasan ya tsaya a bakin ƙofar kwalej. Ba a yi yaji ba.

Ni da taubashina muka koma gida, kowa ya kama gabansa.

Asabar da hantsi na ɗaure littattafaina da 'yan riguna a buhu. Kawu na zaure yana shirin fita kasuwa. Na durƙusa na yi masa sallama, na san daga nan sai hauya. Ya ce in gai da gida. Na ɗauki buhu ke nan sai taubashina ya tsaya a bakin ƙofa ya tare ta.

Ya ce, "Baba, ina za shi?"

Kawu ya ce, "Gidan ubansa."

Ya ce, "Da izinin wa? Baba, kai riƙo aka ba ka. Wanga bawana ne, ni ke da ikon sallamarsa, kuma ban sallame shi ba."

Kawu ya ce, "Kai, ba wasa nake ba. Shi ya jawo maka abin kunyan nan."

Ya ce, "Ni na jawo, Baba."

Kawu ya dube shi, ya dube ni. Sannan ya gyara hula ya ce mu muka sani, mu ba shi hanya ya makara. Ya fice. Na sauke buhun a hankali.

Ban yi godiya ba, ban ga dalili ba. Na koma tsakar gida na zauna kan turmi. Can sai ya zo ya tsuguna wajen randa yana wanke hannun da ba shi da datti. Bai dube ni ba ya ce, "Kai, tsakaninka da Allah, askin nan ya yi maka zahi?"

Na ce, "Ya yi."

"Ranƙwashin hwa?"

"Kullum."

Ya yarfe ruwan hannunsa. Sannan ya ce, "To ai kai dariya kake yi."

Na ce, "Ba ni da wani gida."

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin ƙasa. Bai ce in yi haƙuri ba, kuma har yau da muka yi furfura bai ce ba. Ran Litinin muka kama hanyar lakwal, yana gaba ina baya, ba wanda ya yi dariya a cikinmu.